Wa Zai Ɗora Ka a Hanya? Zaɓen Jagora ga Likitan Fisiyo da Jami'in OT a Tawagar Kulawar Sassauci a Kano

Likitan fisiyon da ya gama Jami'ar Bayero, ya yi shekarar horon asibiti da ta bautar ƙasa, da manufa ɗaya yake fitowa: wanda aka kawo a kwance ya koma gida da ƙafarsa. A kan haka aka tarbiyyantar da shi, da haka kuma ake auna ƙwazonsa, ko a ɗakin masu shanyewar ɓarin jiki ne ko wajen waɗanda aka yi wa aikin ƙashi. Ranar da aka tura shi tawagar kulawar sassauci, masu kula da mutanen da ciwonsu ya wuce warkewa, kamar kansar da ta bazu ko ciwon zuciya da na ƙoda da suka kai matakin ƙarshe, wannan ma'aunin ya tashi daga aiki. Wanda ya yi taku goma yau, mako mai zuwa biyar zai yi, kuma ba sakacin kowa ba ne. Nasara a nan ita ce Baba ya samu ya yi azahar a zaune kan kujera, ko Hajiya ta zagaya ba tare da an kira samarin gida sun ciccibe ta ba.

Bitar kwana uku ba ta sauya wa mutum tunani irin wannan. Ana buƙatar wanda zai tsaya kusa da kai lokacin da babban ɗan mara lafiya ya ce, "Likita, a ɗaga shi ya ɗan taka mana, ko zai ji ƙarfin jikinsa," ya nuna maka inda ake amsawa da inda ake ƙi. Matsalar ita ce irin waɗannan manyan ba su da yawa. Ƙungiyar masu wannan aiki ta ƙasa, HPCAN, a 2007 aka ƙaddamar da ita, kuma sai a 2014 Majalisar Lafiya ta Duniya ta zartar da ƙudurin da ya nemi ƙasashe su shigar da kulawar sassauci cikin tsarin lafiyarsu. A ɓangaren OT kuwa, wato masu tsara wa mara lafiya yadda zai ci gaba da wanka da sa kaya da cin abinci da ibada da ɗan ƙarfin da ya rage masa, ƙarancin ya fi haka. Dole a zaɓa cikin abin da ke akwai, kuma hanyoyi huɗu ne a gaban ma'aikaci a Kano: babba a sana'arka, nas ko likita daga cikin tawagar, ƙwararre na nesa ta waya, da zaman tsara, wato na ma'aikata sa'o'in juna. Ba darajarsu ɗaya ba, kuma kowacce da lokacinta.

Babba a sana'arka, a asibitinka

Wannan hanyar shugaban sashe zai fara tunawa: a haɗa ka da cif ko wani babba a sashen fisiyo. Babban amfaninta shi ne yana ganin hannunka, kuma babu wata hanya da ke ba da wannan.

Ɗauki naɗin hannun da ya kumbura bayan kansar mama. A takarda abu ne mai sauƙi: a auna kewayen hannayen biyu duk bayan santimita 4, a wanke fata a shafa mai, a sa auduga, a naɗa bandeji mara talewa sosai daga yatsu zuwa hammata, matsin yana raguwa yayin da ake hawa. A aikace, sabon hannu yakan matse gwiwar hannu fiye da wuyan hannu, sai ruwan ya taru a bayan tafi, washegari a tarar da yatsu sun fi jiya kumburi. Ko ya yi amfani da bandejin nan mai talewa da ake samu a kemis, wanda yake ci gaba da matsa ko mutum na kwance, ya hana shi barci. Babba da ya sa yatsa ƙarƙashin naɗin zai gane kuskuren nan take. Shi ne kuma zai tsayar da kai kafin ka fara idan hannun ya yi ja yana zafi ga zazzaɓi, ko kumburin ya taso farat ɗaya ana zargin gudan jini a jijiya, ko zuciyar matar ba ta iya ɗaukar ruwan da za ka tura mata. A zafin Afrilu zai ce maka ka rage ninki, ka riƙa kwancewa kullum kana duba fata, don gumi a ƙarƙashin naɗi shi ke buɗe ƙofar ƙwayoyin cuta. Zai kuma tuna maka ka gaya wa masu jinya kada a gasa hannun da ruwan zafi, kada wanzami ya yi masa ƙaho ko tsaga.

Haka batun ƙashi. Kansar mama da ta mafitsarar maza (prostate) da ta huhu da ta ƙoda da ta ƙullin gaban wuya (thyroid) su suka fi zuwa ƙashi, kuma ƙashin da suka ci yana iya karyewa a juyi ɗaya a kan gado. Babban da ya daɗe tare da likitocin ƙashi, irin waɗanda suka yi aiki a Asibitin Ƙashi na Dala, ya san ma'aunin Mirels na kimanta haɗarin karyewar ƙashi: a duba wurin da ciwon yake, da tsananin zafinsa, da irin cin da ya yi wa ƙashin, da girmansa, kowanne maki 1 zuwa 3. Jimla 9 zuwa sama na nufin a kira likitan ƙashi kafin a bar mutum ya ɗora nauyi. Zai koya maka ka daina murɗa gaɓa, ka daina gwada ƙarfin tsoka da turjiya a ƙafar da abin ya shafa, ka riƙa juya mai ciwon ƙashin baya gaba ɗayansa da mutum uku ko huɗu. Zai tambaye ka sakamakon jini kafin motsa jiki: ƙa'idar da aka fi bi ita ce ƙwayoyin tsayar da jini in sun gaza 50,000 a bar motsi mai turjiya, in sun gaza 20,000 a tsaya a kan motsi mai taushi kawai.

To ina illar? Guda biyu ce, kuma duk manya. Ta farko, babba yana iya shekara ashirin yana aiki mai kyau bai taɓa zama cikin tawagar sassauci ba. Irin wannan zai ba ka jadawalin atisaye sau uku a rana ga mutumin da wanka kaɗai ke cinye masa ƙarfin yini, ko ya ce, "Wannan ai babu abin da za mu yi masa, a sallame shi daga jerinmu." Duka biyun daga tunani ɗaya suka fito, cewa aikin fisiyo warkarwa ne kawai. Ta biyu, shi ne ogan da zai cike maka fom ɗin ƙarin girma. Ƙaramin ma'aikaci a Kano ba zai dubi wanda yake gaisarwa da "ranka ya daɗe" ya ce masa jiya na tayar da wani ya yanke jiki ya faɗi ba, balle ya ce mutuwar yarinyar gado na shida ta hana ni barci. Duk jagorancin da ake ɓoye wa kuskure, rabinsa ya tafi. Maganin wannan shi ne a raba: wanda zai yi maka jagora kada ya zama mai sa hannu a fom ɗinka. In sashen ƙarami ne, a nemo daga wani asibitin. Tsakanin Asibitin Malam Aminu Kano da na Murtala da na Nassarawa da Dala duk tafiyar adaidaita sahu ce.

Nas ko likita daga cikin tawagar

Mutane da yawa suna raina wannan hanya saboda jagoran ba ɗan sana'arsu ba ne. A ganinmu, ga likitan fisiyon da ya riga ya iya hannunsa, ita ce ta fi amfani a watanni shida na farko, domin abin da ya rasa shi ne sanin lokaci da sanin magana, kuma waɗannan a hannun tsohuwar sistar sassauci suke.

Lokaci tukuna. Mofin, maganin kashe zafi mai ƙarfi, na ruwa da ake sha yana ɗaukar kamar minti 20 zuwa 30 kafin ya fara aiki, ya kai kusan awa huɗu. Wanda ya shigo ɗaki ƙarfe tara don jadawalinsa ya ce tara, alhali maganin ƙarfe shida ya kusa sakin mara lafiya, zai tarar da mutum yana ƙin motsi, ya rubuta a folda cewa ba ya ba da haɗin kai. Sista za ta nuna maka takardar magani, ta ce ka zo bayan rabin awa da shan na goma, ko ka nemi a ba shi ƙarin da likita ya rubuta don zafin da ke tasowa, wanda yawanci kashi ɗaya cikin shida ne na jimlar maganin yini, rabin awa kafin ka taɓa shi. Rubuta magani ba hurumin fisiyo ba ne, amma tsara aikinka a kan agogon magani naka ne.

Ita ce kuma za ta koya maka karanta gangarowar mutum. Ma'aunin PPS, wanda ake auna ƙarfin da ya rage wa mara lafiya da shi, yana sauka daga 100 zuwa 0, goma-goma: a 50 mutum ya fi zama da kwanciya, a 40 ya fi zama a gado, daga 30 ba ya sauka gaba ɗaya. Wanda ya sauko daga 60 zuwa 40 cikin mako biyu, manufar da ka sa masa ta wata guda ta riga ta tsufa. Ka mayar da ita ta kwana uku, ka karkata ga koya wa masu jinya juyi duk awa biyu, da jingina shi da matashi a karkace kamar digiri 30 don kada ya kwanta a kan ƙashin ƙugu, da ɗage dugadugai daga katifa. Idan numfashi ya fara ƙara a kwanakin ƙarshe, iyali za su kira ka ka bubbuga ƙirji ka fitar da majina. Makaranta ta koya maka hakan, amma a wannan gaɓar wahala kawai zai ƙara. Abin yi shi ne a juya shi gefe, a goge baki, a sanar da likita, a zauna a yi wa iyali bayani cewa ƙarar ta fi damunsu fiye da yadda take damunsa. Wanda bai taɓa ganin an yi wannan bayanin ba, da wuya ya iya shi.

Akwai abu ɗaya da jagora kowane iri ne ya wajaba ya dasa maka tun makon farko, kuma likitocin tawaga sun fi nanata shi: dannewar laka, wato ciwon ya danne lakar da ke cikin ƙashin baya. Mai cutar kansa da ya ce bayansa na ciwo kamar an ɗaure shi da ɗamara, ciwon na ƙaruwa da tari ko da kwanciya, ƙafafu sun yi nauyi, fitsari ya fara gardama, wannan ba na tausa ba ne, ba na na'urar gashi ba ne. A kwantar da shi a miƙe, a kira likita a lokacin, don a fara maganin rage kumburi a nemi hoton MRI cikin awa 24. Wanda aka kama yana iya tafiya ya fi samun damar ci gaba da tafiya. Wanda aka bari har ƙafafu suka mutu, da wuya su dawo. Sau da yawa fisiyo ne farkon mai ganin alamun, tunda shi ke tayar da mutum tsaye.

Sai magana. A gidajenmu iyali sukan roƙi likita kada a gaya wa mara lafiya sunan ciwonsa. Kai kuma kai ne kake shafe minti arba'in kana riƙe da kafaɗarsa, don haka kai zai tambaya: "Ɗan nan, tsakaninka da Allah, zan sake takawa kuwa?" Ƙarami yakan ce "Insha Allahu, Baba, kwanan nan," don ya tsira daga nauyin tambayar, daga nan kuma ya fara gudun gadon. Gogaggiyar sista za ta nuna maka wata hanyar: "Baba, me likitoci suka gaya maka game da ciwon? Kai yaya kake jin jikin naka? A makon nan, me ka fi so ka samu ka yi?" Ba ka yi ƙarya ba, ba ka tsallake likita da iyali ba, kuma ka fito da manufar da za a iya aiki a kai. Cicely Saunders, wadda ta buɗe gidan jinya na St Christopher's a Landan a 1967, ta koyar da cewa zafin mai irin wannan ciwo ya haɗa da na jiki da na zuci da na iyali da na ruhi. Mutumin da ya ƙi atisaye, wataƙila kuɗin makarantar yara ne a ransa.

Raunin wannan hanya a fili yake. Nas ba za ta gyara maka riƙon ƙugu wajen tayar da mutum ba, kuma wasu ma'aikatan tawaga ba su san iyakar abin da fisiyo da OT ke iyawa ba, sai su riƙa kiranka a makare, ko su mai da kai ɗan aike mai karɓo sakamakon gwaji. Tun zaman farko ka rubuta mata abubuwan da ya kamata a kira ka a kansu: sarƙewar numfashi, kumburi, kasala, faɗuwa, shirin komawa gida. Ka nuna mata abu ɗaya da idonta, misali ƙaramar fanka mai caji a riƙe kamar santimita 15 daga fuska, iska na bugun hanci da baki, mara lafiya ya sunkuya gaba ya ɗora hannuwa a kan matashi, yana fitar da numfashi a hankali ta tsukakken baki. In ta ga numfashi ya lafa cikin 'yan mintuna, ba sai ka sake roƙon a riƙa kiranka ba.

Ƙwararre na nesa

Wanda ya haɗa duka biyun, ɗan sana'arka ne kuma ya daɗe a sassauci, yawanci ba a garinku yake ba. Yana iya kasancewa a Ibadan, inda Farfesa Olaitan Soyannwo da abokan aikinta suka yi fice wajen kafa wannan aiki a Asibitin Koyarwa na UCH, ko a Kampala, mazaunin ƙungiyar kulawar sassauci ta Afirka, APCA, da Hospice Africa Uganda da Dakta Anne Merriman ta kafa a 1993, ko ɗan Najeriya ne da ke aiki a Ingila. Ana samunsu ta tarukan HPCAN da na ƙungiyar likitocin fisiyo ta ƙasa, NSP. Tunda MRTB, hukumar da ke ba likitocin fisiyo da jami'an OT lasisi, tana neman shaidar ƙaro ilimi wajen sabunta lasisi, ka zaɓi bitar da za ta haɗa ka da irin waɗannan mutanen. Akwai kuma tsarin ECHO, wanda aka fara a Jami'ar New Mexico ta Amurka a 2003: ƙwararru a wuri ɗaya, ma'aikata daga asibitoci daban-daban ta bidiyo, ɗan gajeren darasi, sannan a gabatar da matsalar mara lafiya a tattauna.

Ilimin da ke wannan hanya ya fi na sauran zurfi, kuma da yake mutumin ba shi da hannu a ƙarin girmanka, ka fi sakin jiki da shi. Amma abin da ka gaya masa kaɗai yake gani. In ba ka lura da cewa ƙafar hagu ta fi ta dama kumburi ba, shi ma bai gani ba. Shi ya sa ba ta dace ta zama hanya ɗaya tilo ga sabon shiga ba.

Abubuwan da ke kashe ta ƙanana ne. Netwok ya yanke, Zoom na kyauta ya katse a minti 40, an manta cewa Kampala na gaban Kano da awa biyu, Ingila kuma daidai take da mu a bazararsu amma tana baya da awa ɗaya a hunturunsu. Gyaran shi ne a aika bayanin a rubuce kwana biyu kafin zama: shekaru, jinsi, ciwo da inda ya bazu, makin PPS, magunguna, yanayin gida, abin da mara lafiya ke so, da tambaya ɗaya tak. In kuna amfani da ma'aunin APCA na auna halin da mara lafiya da iyalinsa ke ciki, mai tambayoyi goma, bakwai ga mara lafiya uku ga iyali, kowacce maki 0 zuwa 5, kun samu harshe ɗaya. In bidiyo ya ƙi, a koma kiran murya.

Sirri kuma ba abin wasa ba ne. Kada suna ko lambar folda ko fuska ko sunan unguwa su shiga WhatsApp. Hoton ciwo sai da izinin mai shi, a goge bayan zama. Kano babban gari ne amma kowa ɗan'uwan wani ne, kuma ƙasar na da dokar kare bayanan mutane ta 2023.

Illa ta ƙarshe ita ce shawarar da ba ta san gidajenmu ba. Jagoran da ke Ingila zai ce a kawo injin ɗaga mara lafiya da katifar iska mai aiki da lantarki. Katifar iska in wuta ta ɗauke ta sace, mutum ya koma kan ƙarfe ko katako, gara katifar soso mai kauri da juyi a kan kari. Ka zagaya da shi gidan da kyamarar waya sau ɗaya, da izinin masu gida. Nagari zai sauya shawararsa. Wanda ya ci gaba da lissafa kayan da babu, ba naka ba ne.

Zaman tsara

Mutum huɗu zuwa shida daga asibitoci daban-daban, sau ɗaya a wata, awa ɗaya da rabi, mutum biyu su kawo matsala, jagorancin zama yana zagayawa. Ba ya cin kuɗi, kuma a nan ne kaɗai mutum zai ce ya gaji a fahimce shi. Amma tsara ba ta koyar da abin da dukkansu ba su sani ba, kuma in babu tsari, zaman kan koma ƙorafin albashi. A gayyaci babba duk bayan wata uku ya saurari matsalolin da suka gagara. Wannan hanya tana riƙe mutum a cikin aikin shekara da shekaru. Ba ita ke shigar da shi ba.

Lissafin jami'in OT daban ne

Duk abin da aka faɗa a kan babba a sana'arka, ga OT sau da yawa babu shi. Wuraren horarwa kaɗan ne, kamar Jami'ar Obafemi Awolowo a Ile-Ife da makarantar tarayya ta Oshodi a Legas, kuma mai wannan sana'a yakan samu kansa shi kaɗai a asibiti. In aka ba shi likitan fisiyo a matsayin jagora, a hankali sai ya koma ƙaramin fisiyo, yana miƙa gaɓoɓi, aikinsa na asali ya bi ruwa. Abin da ya fi masa shi ne ɗan sana'arsa na nesa, haɗe da nas mai ziyarar gida a kusa, domin aikinsa a gida yake.

A gidan cikin birni za ka tarar da katifa a ƙasa, bandaki na tsuguno a can ƙarshen tsakar gida, dokin ƙofa mai tsawo, da soron da keken guragu mai buƙatar faɗin kusan santimita 75 zuwa 80 ba zai shige ba. Jagora nagari zai sa ka fara da awo: daga ƙasa zuwa bayan gwiwar mara lafiya yana zaune, ka ƙara 'yan santimita, wannan ne tsayin gado da kujerar bahaya, galibi wajen 45. Kujerar roba da aka huda tana raunana kuma tana zamewa a jiƙaƙƙen siminti. Gara kafinta ya yi ta katako mai hannuwa, ko mai walda ya yi ta ƙarfe a sa roba a ƙafafun, bokiti mai murfi a ƙasa, labule a kusurwar ɗaki don mutunci. Buta a cika ta rabi. Cokali a naɗe mariƙinsa da tsumma ya yi kauri. Alwala a zaune, da roba a gaba. Hukuncin taimama da sallar kwance na malamai ne, naka shi ne ka juya gadon yadda fuskantar alƙibla ba za ta zama wahala ba.

Ga kuma masu dubiya. Ziyarar mara lafiya lada ce, babu mai son hana ta, amma mutum ashirin a yini, kowa sai an tashi zaune an amsa masa gaisuwa, suna cinye ƙarfin da Inna za ta ci abinci da shi. Littafi zai ce a tsara amfani da ƙarfi. Nas ɗin da ta san gari ita za ta nuna maka cewa da maigida ko babbar 'ya ake wannan maganar, a keɓe: "Alhaji, da za a mayar da dubiya bayan la'asar, a bar mata safiya ta yi wanka ta karya, da ta fi jin daɗin ganin mutane."

To wacce za a ɗauka?

Sabon fisiyo da bai wuce shekara biyu da fara aiki ba: babba a sana'a ne farko, sista ta biyu, don hannun da bai nuna ba haɗari ne ga ƙashin da kansa ta ci. Wanda ya goge a wani fanni aka dawo da shi sassauci: sista ko likitan tawaga farko, na nesa sau ɗaya a wata. OT: na nesa da nas mai ziyarar gida tare. Wanda ya shekara biyu a ciki: zaman tsara, kuma lokaci ya yi da shi ma zai ɗauki ƙarami. Jagora biyu sun isa. Uku sukan kawo saɓanin da ƙarami ba zai iya warwarewa ba. Mace mai duba masu kansar mama da ta bakin mahaifa ta fi amfana da jagora mace da za ta iya shiga bayan labule tare da ita. In namiji ne, zama ya kasance a ofis, a lokacin aiki.

Kafin ka amince da kowa, ka kai masa matsala ɗaya ta gaske ka ga yadda zai yi. In ya fara da tambayar abin da mara lafiyan ke so, alama ce mai kyau. In ya shafe lokacin yana ba da labarin kansa, ko ya ba da amsa bai tambayi hoton ƙashi ba, ka gode masa ka nemi wani.

Ku rubuta yarjejeniya a shafi ɗaya: wata shida, zama na minti 45 zuwa awa ɗaya duk mako biyu, da duba mara lafiya tare sau ɗaya a mako a watanni ukun farko. A bakin gado a bi mataki-mataki: ka kalla, ku yi tare, ka yi yana kallo, ka yi kai kaɗai ka kawo rahoto. Kowane zama ka zo da mutum uku a littafinka ba tare da suna ba: wanda aiki ke tafiya, wanda ya cije, da wanda ya tsaya maka a rai. A rubuta cewa abin da aka faɗa sirri ne, sai in ya shafi lafiyar mara lafiya, da lambar da za a kira in abu ya taso da gaggawa. In an soke zama uku a jere, ko ka lura ka fara zaɓo labarai masu daɗi kawai, tsarin ya mutu, a zauna a gyara ko a rabu cikin mutunci a ƙarshen wata na uku.

Shugaban sashe kuma nasa aikin shi ne ya sa wannan awar a cikin jadawalin aiki, da sunan wanda zai riƙe kilinik a lokacin. In an bar ta sai an samu sarari, layin marasa lafiya na safiyar Litinin zai cinye ta tun makon farko.